Kan Yumɓun Da Uzairu Ya Tono

Ranar Alhamis ɗin da Uzairu ya shigo gida rungume da buhu a ƙirjinsa, ya wuce ni a zaure bai tsaya gaisuwa ba, gabana ya faɗi. Ban san abin da ke cikin buhun ba. Na dai san yaron nan bai taɓa wuce ni haka ba, kuma na ji a jikina wani abu zai lalace a gidan nan kafin mako ya zagayo.

Ni tela ne a unguwar Ali Kazaure a Jos, sunana Abdulmalik, kuma a zauren gidanmu nake ɗinki. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Haƙar kuza ce ta kawo mahaifina Jos, ita ce kuma ta cinye masa huhu, shi ya sa na yi alkawari babu ɗana da zai shiga rami. Uzairu shekararsa ashirin da uku. Ya gama sakandare ya zauna shekara huɗu babu aiki, ɗinki kuma bai karɓe shi ba, ko layi ɗaya ba ya iya miƙewa a hannunsa. Da ya ce zai bi wani mai suna Chollom aikin loto a bayan Naraguta, sau uku na hana, a na huɗu na yi shiru. Loto rami ne mai zurfi kamar rijiya, a zura mutum da igiya ya haƙo ƙasar kuza, a riƙa jawowa da bokiti.

Akwai wani littafi da ya sayo a kasuwar Terminus wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Na Turanci ne, mai kauri, a bangonsa an zana wani mutum riƙe da tocila a cikin kogo. Labarin wani mai tonon kayan mutanen da ne, wanda ke tsere da miyagu a kan wa zai riga kai wa ga wata taska. Uzairu ya karanta shi har ya ɓaɓɓalle, ni na ɗinke masa bayansa da zaren jakunkuna. In ana cin abinci ba shi da hira sai ta littafin.

"Baba, ka san ƙasar nan da muke takawa akwai mutane a ƙarƙashinta tun kafin Annabi Isa?"

"Ka ci tuwonka," in ji mahaifiyarsa, Ummusalma. "Su ma da suka gama surutu can suka koma."

Da safiyar Juma'a ya fita da wuri, bai ce ga inda za shi ba. Ina yankan wani yadi sai na ji Ummusalma ta yi salati da ƙarfi daga ɗakinsa. Na ajiye almakashi na shiga.

Kan mutum ne na jar ƙasa, girmansa kamar ƙaramar tukunya. An shimfiɗa masa farin ƙyalle a kan akwatin katako an ɗora shi. Idanunsa masu kusurwa uku, da huda a tsakiyar kowanne, gashinsa an tufke shi gida biyar, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi magana. Har da sauran laka a cikin kunnensa. Akwatin kuma yana jikin bangon gabas, daidai inda Uzairu ke shimfiɗa dardumarsa. Dardumar ma tana nan a gabansa, ba a naɗe ba.

"Malam, gunki ne," in ji Ummusalma, tana riƙe da tsintsiya. "Yau da asuba a nan ya yi salla."

Na tuna duk wa'azin da na taɓa ji a kan gidan da aka ajiye gunki, na tuna maƙwabta da abin da za su ce in labari ya fita, a unguwar da kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. Na naɗe shi a ƙyallen na fito da shi tsakar gida, na ɗauko taɓarya.

"Ka bari ya dawo mana," ta ce. "Ka ji ta bakinsa tukuna."

"In ji me? In tafi masallaci in bar wannan a gidana?"

Bugu uku na yi masa. Ba shi da ƙarfi kamar yadda na zata, a na farko ma ya tsage. Na share gutsattsarin na zuba a kwandon shara, na yi wanka na tafi masallaci. Ba zan ɓoye ba, a hanya zuciyata fes take, ina jin na yi aikin lada.

Da na dawo na tarar da Uzairu a zaure tare da wani dattijo mai furfura, siriri, da ƙaramar jaka a rataye. Uzairu sai murmushi yake, irin wanda rabona da in gani a fuskarsa tun yana ƙarami.

"Baba, wannan Baba Pwajok ne. Shekara talatin ya yi a gidan adana kayan tarihi kafin ya yi ritaya. Tun safe nake neman gidansa. Ya zo ya ga wani abu da na samo."

Dattijon ya miƙo mini hannu biyu. "Oga tela, sannu da gida. Yaronka ya hana ni cin abinci, wai sai na zo yanzu yanzu."

Uzairu ya shige ciki da sauri. Na ji ya buɗe ƙofar ɗakinsa, na ji shiru, sai na ji muryar mahaifiyarsa ƙasa ƙasa. Ya fito da kwandon shara a hannu ya ajiye a gabanmu. Bai kalle ni ba.

Pwajok ya tsugunna duk da tsufansa. Ya ciro wani ɗan buroshi daga jakarsa ya riƙa tsince gutsattsarin daga cikin ɓawon albasa da toka, yana jera su a kan teburin yankan yadina. Da ya ɗauko ɓangaren da ke da ido ɗaya ya daɗe yana kallonsa.

"Shekara dubu biyu ya yi a ƙasa," ya ce, ba da ni yake ba. "Ruwa bai fasa shi ba, injin Turawa bai fasa shi ba."

"A gabas ya ajiye shi," na ce. "A gaban dardumarsa."

"Baba, nan ne kaɗai rufin ba ya yoyo," in ji Uzairu. Muryarsa ko rawa ba ta yi. "Ba bauta masa nake ba. So nake a kai shi inda ake ajiye irinsu, a rubuta sunana a ƙarƙashinsa. Sau ɗaya dai a ce ga abin da Uzairu ya yi."

Gaskiya ne, rufin ɗakin na yoyo ta ko'ina sai wannan kusurwa. Ni na sani, don tun damina biyu nake cewa zan gyara.

Ya kamata in ba shi haƙuri a nan take. Amma ga baƙo a zaune, ga girman uba, sai na ce, "Gidan nan dai nawa ne." Pwajok ya tattara gutsattsarin a cikin hankicinsa, ya yi mana sallama ya tafi.

Kwana tara Uzairu ya yi a gidan bayan haka. Yana gaishe ni safe da yamma, yana cin abinci, yana tafiya loto. Bai sake yin hirar littafi ba. Rana ta goma ya fita bayan sallar asuba da jakar baya, ya ce wa mahaifiyarsa aikin na kwana biyu ne. Kwana biyu suka wuce, wayarsa a kashe.

A rana ta huɗu na hau acaɓa zuwa bayan Naraguta, na ratsa gonakin kabeji da kududdufan tsohuwar haƙa har na iske Chollom a bakin rami yana jan igiya. Ya ba wani igiyar ya zo yana goge hannu a wando.

"Baba, wallahi na hana shi," ya ce. "Tun ranar da ya fito da abin nan daga rami labari ya bazu. Wani Abdulfatah, mai farar mota, ya zo har sau biyu. Dillalin irin kayan ne. Da farko Uzairu ya kore shi, ya ce nasa ba na sayarwa ba ne. Daga baya kuma shi ya neme shi."

"Ina suka tafi?"

"Daji, can yamma, wajen da ake tono su da yawa. Mutum takwas ya ɗiba. Ba ya faɗin sunan gari, ko su ma sai sun isa suke sani."

"Me Uzairu ya ce maka?"

Chollom ya sosa ƙeya. "Cewa ya yi zai samo wani, wanda ya fi wancan. Kuma wannan karon ba gida zai kai shi ba."

Na kai rahoto inda ake kaiwa, aka rubuta aka ce in jira. Na dawo gida na shiga ɗakinsa. Littafin yana kan akwatin. Na ɗauka da tunanin ko ya rubuta sunan wani gari a ciki, ko lambar waya. Babu komai sai layukan da ya ja da biro a ƙarƙashin wasu jimloli. Sai na ce bari in karanta, wataƙila in gane inda hankalinsa ya tafi, tunda ƙafarsa ta bi.

Mako uku na yi a kansa, ina bin layi da yatsa, ga ƙamus na makaranta a gefe. Ina ɗinki ina leƙawa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: littafin ya iya kama mutum. Duk inda babi ya ƙare sai ya bar ka da ƙofa a rufe da ƙarar takalmi a bayanta, dole ka buɗe na gaba. Saboda shi na ɗinke wa wani hannun riga a juye. Akwai kuma wurin da jarumin ya tsinci wata tukunya ya ga shatin yatsan wanda ya gina ta, ya ɗora nasa yatsan a kai. Uzairu ya ja layi biyu a nan. Da na karanta sai na tuna gashin nan da aka tufke gida biyar. Wani ne ya zauna ya yi shi da hannu, a hankali, kamar yadda nake zama in yi wa wuyan riga aiki. Sai a lokacin na ga haka. Ranar Juma'ar nan gunki kawai na gani.

Amma ina kaiwa tsakiya raina ya fara ɓaci. Da na gama na ɗauki littafin na nemi gidan Pwajok, na same shi a baranda, ga gutsattsarin a kan tire ya haɗa kusan rabin fuskar da gam.

"Oga tela. An ji labarinsa?"

"Babu labari. Ka san littafin nan?"

Ya karɓa ya juya shi, ya yi dariya mara daɗi. "Ban karanta wannan ba, amma na san irinsu. Rabin yaran da suka taɓa zuwa wajena irinsu ne suka turo su, ba zan zage su duka ba. Bari in gaya maka abin da ke ciki. Mutum ɗaya, tocila ɗaya, ya shiga rami ya fito da abu a hammata. Haka ne?"

"Haka ne."

"Mu kuwa wuri kamar faɗin tabarmar nan sai mu yi wata guda a kansa da buroshi. A auna, a zana, a ɗebi ƙasar da ke kewaye. In ka fizge abu daga inda ya kwanta, ka raba shi da labarinsa. Yaronka ma ya yi kuskure da ya ciro shi, ban dai gaya masa a ranar ba, abin da ke kansa ya ishe shi. Amma wa zai sayi littafin da mutum ya yi wata guda yana share ƙasa?"

"Ni ba wannan ne ya dame ni ba," na ce. Na buɗe inda na naɗe shafi. "Dubi nan. Ya ɗauki 'yan ƙauye shida su yi masa haƙa. Rami ya rufta da biyu. Layi uku aka ba su, ko sunayensu ba a faɗa ba. A shafi na gaba yana cin abinci da wata mata suna dariya. Shi kuwa sau huɗu dutse ya faɗo masa, ko tari bai yi ba."

Pwajok ya sunkuya ya duba shafin.

"Kuma na karanta tun daga farko har ƙarshe, mutumin nan ba shi da uwa, ba shi da uba. Babu wanda ke zaune yana jiransa. Babu wanda ke ɗumama masa abinci yana zubarwa. Uzairu ya karanta ya ɗauka shi ne mai tocilar. Baba Pwajok, ɗana cikin shidan nan yake."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ramukan da dillalan nan ke sa a haƙa sun fi loto haɗari," ya ce. "A loto Chollom ya san ƙasarsa. Can sauri ake yi, a haƙa ta ƙasa a bi gefe, babu katako babu komai, ga damina. Ba don in tsorata ka na faɗa ba."

"Na riga na tsorata."

Wata ɗaya da kwana shida da tafiyar Uzairu, Chollom ya same ni a zaure da rana tsaka. Bai zauna ba. Ya ce ɗaya daga cikin takwas ɗin ya kira wani ɗan'uwansa da aron waya, ya ce rami ya rufta da mutane, kowa ya watse, ya kuma faɗi sunan ƙauyen da ke kusa. Bai faɗi su wa ba, wayar ta yanke, kuma ba a sake samun lambar ba.

Ummusalma ta ji daga ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka je ka dawo mini da shi. Ko yaya ka same shi."

Pwajok ya ce ya san yankin tun yana aiki, zai raka ni. Muka shiga mota daga tasha da sassafe, muka sauka daga kan tudun Jos, muka canja mota sau biyu, sannan acaɓa, sannan ƙafa. Mai unguwar ƙauyen ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya haɗa mu da wani manomi ya kai mu wurin.

Gefen wani tsauni ne, an huda shi kamar rariya. Ramuka sun fi arba'in, wasu ruwa ya cika su. Ko'ina gutsattsarin jar ƙasa ne a warwatse, hannu, ƙafa, ɓangaren tukunya, waɗanda masu tonon suka zubar don kawuna kawai ake saye. Pwajok ya tsaya yana kallo, hannayensa a baya, bai tsinci ko ɗaya ba.

Manomin ya nuna mana inda ƙasa ta zafto. Wuri ne mai faɗi, ciyawa har ta fara tsirowa a kai.

"Mutum nawa?" na tambaya.

"Wasu sun ce biyu, wasu sun ce uku. Mu ƙara kawai muka ji. Kafin mu hau sun kwashe kayansu sun gudu, don sun san abin da suke yi ba halal ba ne."

"Ba ku tona ba?"

"Mun gwada kwana biyu. Ƙasar tana ta biyo mu, mai unguwa ya ce a bari kada a ƙara wasu."

Na nuna masa hoton Uzairu a wayata. Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe. Ya ce akwai wani dogo da ke saukowa sayen ƙosai, mai yawan tambaya a kan duwatsu da sunayen wurare, yana kama da wannan. Amma ƙungiya biyu ce ta yi aiki a nan, ta farko ta wuce gaba tun kafin ruftawar, kuma ba zai iya rantsuwa a wacce dogon yake ba.

Na roƙi a ara mini fartanya. Na hau kan wurin na fara haƙa. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba, kafin in yi zurfin gwiwa tafin hannuna ya sale. Duk abin da na kwashe sai gefe ya zubo ya mayar. Pwajok ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya hau ya riƙe ƙotar fartanyar.

"Abdulmalik, ya isa. Zurfinsa ya fi tsayin gida."

Na zauna a kan ƙasar. Na so in yi addu'ar da ake yi wa mamaci, bakina ya ƙi, don in na yi kamar na yarda ne. Na so in kira sunansa, shi ma na kasa, don manomin na tsaye. Sai na yi wa duk wanda ke ƙarƙashin addu'a ban ambaci suna ba, muka sauko.

Yau wata biyar ke nan. Abdulfatah ba a sake ganin motarsa a Jos ba. Cikin takwas ɗin biyu sun dawo gidajensu, na je wajen kowannensu. Ɗaya ya ce Uzairu ya bi ƙungiyar farko. Ɗayan ya ce a'a, da safiyar ranar ya gan shi da igiya a ƙugu, sannan ya ce wataƙila ranar da ta gabace ta ce, kansa ya ruɗe. Liman ya tambaye ni ko za a yi sallar ga'ib, na ce a dakata. Ummusalma tana gaishe ni, tana ajiye mini abinci, amma hira ta ƙare tsakaninmu, kuma ba ta taɓa cewa laifina ne ba.

Ban san ko Uzairu yana ƙarƙashin tsaunin nan ba, ko yana wani dajin yana haƙa. Ban san ko ya samu abin da ya tafi nema ba. In kuma yana raye, ban san ko rashin waya ne ya hana shi kira, ko ni ne ba ya son ji.